Dannawa Uku a Ɗakin Sanyi

4 ga Maris

'Yar Yaya,

Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tana nan kan aikinta, da safe ta gaishe ni, da yamma ta raka ni gida. Na ga Mamanki ranar Lahadi, ta yi ƙiba, amma kada ki ce ni na faɗa.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki. Maganar waya ba ta zama a kaina, ina ajiye wayar take bin iska. Takarda kuwa sai in ninke in sa a aljihu, in karanta a gaban inji.

Ga abin da ya taso. An kawo mana sabon manaja a masana'antar ƙanƙara. Ya shigo ɗakin gyara, ya ga babban littafin da muke rubuta aikinmu, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce zamaninsa ya wuce. Manhaja yake so, wadda kowane makanike zai riƙa shigar da aikinsa ta waya: wane inji ya duba, me ya gani, yaushe za a canza mai ko bel. Kamfanoni uku sun kawo tasu, kuma tunda ni ne shugaban masu gyara, an ce ni zan zaɓa kafin Afrilu ya ƙare. Ya ƙara da cewa mu bakwai mun yi yawa, shida sun isa. A ƙarshen Yuli zai buɗe manhajar ya duba, sannan ya faɗi wanda zai tafi.

To, akwai mutum ɗaya a cikinmu da rubutun fuskar waya ya fi ƙarfinsa. Ba zan ce ko wane ne ba, saboda mutuncinsa. Shekara ashirin da bakwai yana wurin nan, yana da iyali, kuma a shekarunsa ba wanda zai ɗauke shi wani aiki. Idan na zaɓi manhaja mai wuya, shi na kora.

Ke ce kike zaune a ofishin kula da na'urorin asibiti, kullum da irin wannan abu kike aiki. Ki gaya min yadda ake gane mai sauƙi. Masu tallar duk ukun sun rantse tasu ko jariri zai iya. Na haɗo miki takardunsu.

Kawunki

20 ga Maris

Kawu,

Takardarka ta iso, mun ji daɗin jin kuna lafiya. Yaran sun warke daga mura, babansu kuma ya karɓa, yana kwance kamar shi ya fara yin ta a duniya. Gwiwar nan don Allah ka riƙa hutar da ita.

Na karanta takardun tallar, ka zuba su a shara. Duk wanda zai sayar maka da manhaja, a kan tebur mai tsabta yake nuna ta, da hannu busasshe. Ku kuwa hannunku giris ne.

Ka nemi kowane kamfani ya ba ku gwajin mako biyu. Abu na farko, ka ƙirga dannawa. Daga ɗaukar waya zuwa cewa “na duba wannan inji, lafiyarsa ƙalau”, sau nawa yatsa zai taɓa fuskar? In ya wuce biyar, mutanenka za su bari sai an tashi daga aiki su cike daga ka, rabi kuma ƙarya za ta zama. A nan mun yi shekara biyu da wata mai dannawa goma sha huɗu, har yau ba na son jin sunanta. Sannan ka shiga da wayar can cikin ɗakin sanyi inda babu sabis, ka ga ko za ta riƙe abin da ka shigar har ka fito. Ka gwada da safar hannu. Ka duba ko tana karɓar murya da hoto a madadin rubutu. Na ƙarshe, ka miƙa wa wanda ya fi kowa jin tsoron waya, kada ka yi masa bayani, ka koma gefe ka yi shiru. Yin shirun ne zai ba ka wahala, na san ka.

Yanzu Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka ce mutumin ya shekara ashirin da bakwai a wurin. Na ƙirga, kai ma ashirin da bakwai ke nan, don shekarar da aka sa ni makaranta ka fara. Ka ce rubutun waya ya fi ƙarfinsa. Na ɗauko takardarka ta bara na ajiye kusa da wannan, rubutunka ya ninka girma. Kawu, in idon ne, ba abin kunya ba ne, kuma yawanci ana gyara shi. Na kira Mama na gaya mata, ta ce za ta zo ta kai ka a duba. Kada ka yi mata gardama.

'Yarka

6 ga Afrilu

Sarkin Ƙirga,

Muna lafiya, har da idona.

Mamanki ta zo min wurin aiki da rana tsaka, da mota tana jira a bakin ƙofa. A gaban mutanena ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne waɗannan. Na ce uku. Ta ce ai na ji an faɗa ne. Sai da na bi ta wurin likita, ya haska min fitila a ido, ya ce in je in gode wa Allah. Rubutuna kuwa ya yi girma ne don a kan gwiwa na yi shi, da biron da muke sa wa kwali lamba. Haba 'yar nan! Takarda ɗaya na rubuta, kin karanta biyu.

Tunda kin tona, bari in faɗa. Wanda muke kira Mai Kunne ne. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, shi ya sa shekarun suka zo ɗaya. Bai yi makaranta ba, lambobi kaɗai ya sani. Amma yakan ɗora bakin sukudireba a jikin kwampireso, wato injin da ke kawo sanyin, ya manna kunnensa a mariƙin, ya rufe ido, ya ce, “Boris ɗin baya ne, ya rage masa kwana tara.” Boris shi ne zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, in ka ƙi ji, ranar ta tara za ka kwashe kifin mutane daga ɗakin sanyi da gudu. Shekarun nan duka shi yake faɗa, ni nake rubutawa a littafi, ba wanda ya taɓa tambaya. Nasa rubutun alli ne a jikin inji: da'ira in lafiya, layi ɗaya in a sa ido, layi biyu in a kashe.

Mun yi gwajin kamar yadda kika ce. Ta farko dannawa goma sha ɗaya ce, kuma duk minti biyar sai ta sake neman lambar sirri. Ta biyu ba laifi, amma da ka rufe ƙofar ɗakin sanyi sai ta tsaya tana jujjuya wani ɗan zobe. Ta uku ba ta da kyan gani ko kaɗan. Sitika ake manna wa kowane inji, ka haska da kyamara, ka danna kore ko ja, in kana da magana ka riƙe wani babban maɓalli ka faɗa. Dannawa uku.

Na miƙa wa Mai Kunne na koma gefe. Ya riƙe wayar nesa da jikinsa, ya ce, “Ita ma sai an ba ta mai?” Na ƙi taimaka masa, kamar yadda kika ce. Ya haska bango, ya haska takalminsa, sannan ya dace da sitikar. Da wayar ta yi ƙara ya kusa yar da ita. Amma ya kai ƙarshe shi kaɗai.

Damuwar ita ce manaja ta farkon yake so. Tana fitar masa da zane-zane masu launi, kuma mai tallarta ya iya gaisuwa. Ya ce ni ne mai zaɓi, amma ya faɗe shi yana kallon takardarsu.

Ki gaida mai mura.

Kawunki

22 ga Afrilu

Kawu,

Muna nan ƙalau, mai mura ya miƙe. Na yi kuskure, na amsa, ka yafe min. Amma dai ka samu duba ido da ba ka yi niyya ba, kuma Mama ta ce ka bi ta kamar ɗan kirki. Na yi dariya har maigidan ya leƙo.

Ina fata wannan ta riske ka kafin ranar yanke shawara. Kada ka yi jayayya da manaja a ofishinsa, can gidansa ne. Ka roƙe shi ya zo ya gwada da hannunsa, a cikin ɗakin sanyi, da safar hannu, don ya ga abin da zai saya. Sannan ka tambayi masu ta ukun ko tana fitar da rahoton mako. Yawanci suna yi, ba su iya talla ba ne. Shi manaja abin da zai nuna wa na sama da shi yake nema, ka ba shi.

Sai wata dabara da ta zo min game da Mai Kunne. Matsalarsa ita ce shekara ashirin da bakwai aikinsa da rubutunka yake fita, ba wanda ya san nasa ne. Tunda manhajar tana ɗaukar murya, kada ya tsaya a kore da ja. Ya riƙa ɗora wayar a jikin injin ta ɗauki ƙarar, sannan ya yi bayani da bakinsa: wannan kukan lafiya ne, wannan na boris mai shirin tafiya ne, wannan bel ne ya saki. Kowane inji, kowane irin kuka. In ƙarshen Yuli ya zo manaja ya buɗe, zai ga mutum ɗaya ya san abin da shida ba su sani ba. Wa zai kori irin wannan?

Ka ce ina gaishe shi, ko da bai san ni ba.

'Yarka

17 ga Mayu

'Yar Yaya,

Lafiya lau muke. Gwiwa ta ɗan yi sauƙi, na samu wani man shafawa mai warin tsiya amma yana aiki.

Takardarki ta zo ana saura kwana biyu. Na yi yadda kika ce. Manaja ya shiga ɗakin sanyi na uku da rigarsa ta ofis, na ba shi safar hannu da wayar. Ta farkon ta nemi lambar sirri, ya cire safar ya danna, ya mayar, ta sake nema. A dannawa ta bakwai haƙoransa suka fara haɗuwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, saura huɗu.” Ya ce, “Ba ni ɗayar.” Ya yi dannawa uku ya fita, bai ko jira ni ba. Washegari aka sa hannu a kan ta ukun.

Dabararki kuwa, ban taɓa ganin Mai Kunne haka ba. Mutumin da sai ya wuni bai yi magana goma ba, yanzu ba ya rufe baki. Yakan gyara murya kafin ya danna, ya yi sallama, ya gaida wayar, sannan ya ce, “To, wannan kwampireso na huɗu ne. Ku saurara. Kun ji wannan ɗan shi-shi-shin da ke ƙasa? Ba komai ba ne, haka yake tun zuwansa. Amma ranar da ya koma ƙar-ƙar, ku kashe, kada ku jira kowa.” Har tsofaffin boris da muka cire ya sa muka mayar na minti biyu, don wayar ta ji kukan mara lafiya. Na ce wa kake wa wannan dogon karatu? Ya ce, “Duk wanda ya tambaya. Ai ba a taɓa tambaya ta ba.”

Jiya na duba, ya ɗauki murya casa'in da ɗaya. Wanda ke biye masa yana da takwas, cikinsu uku tari ne.

Ya ce in gaya miki ya gode, Allah ya raya miki yara. Hankalina ya kwanta.

Kawunki

24 ga Agusta

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Mu ƙalau, babbar ta ci jarrabawa, ƙaramin ya fasa tabarau na babansa ya ce iska ce.

Wata uku ke nan ba takarda. Na rubuta a Yuni ban ji amsa ba, na ce ko ta ɓata a hanya. Na kira sau biyu ka ce kana gaban inji. Na tambayi Mama, ta ce ta ji an yi taro a wurin aikinku, manaja ya tashi ya yaba wa sashenka, ya ce tun da aka kawo manhajar inji bai tsaya ko sau ɗaya ba. To shi ne ka yi girma ka daina rubuto wa talakawa?

Na ɗauka shirun na alheri ne, don na san ka, in abu ya lalace ba ka iya riƙe shi. Ni dai har na ba da labarinku a ofishinmu. Shugabata ta ce in rubuta shi a takarda, yadda makanike da bai yi karatu ba ya zama na ɗaya a amfani da manhaja, don a nuna wa masu ƙorafi a nan. Ban sa sunan kowa ba.

Ga ɗan saƙo cikin ambulan ɗin, na Mai Kunne ne. Ƙaramin makirufo ne da ake soka wa waya, yana da maganaɗisu da zai kama jikin inji. Ya fi na wayar ɗaukar ƙananan sauti. Ka ce masa daga ɗalibarsa ta nesa.

A ƙarshe wa aka sallama cikin bakwai ɗin? Ina fata mai tarin nan ne.

'Yarka

15 ga Satumba

'Yar Yaya,

Muna lafiya. Na taya babbar murna. Takardarki ta Yuni ta zo, ba ta ɓata ba, tana cikin aljihun rigar aikina. Na zauna zan amsa sau uku na tashi.

Mai Kunne aka sallama, ranar ƙarshe ta Yuli.

Zuwa lokacin ya ɗauki murya ɗari uku da goma sha biyu. Babu inji a masana'antar da ba ka haska sitikarsa ka ji shi yana bayani. Sauran mutanena suka koyi ɗora sukudireba, su saurari inji, su saurari waya, su gwada. Sau biyu a Yuli suka kama boris da kansu. Manaja ya kira ni ya nuna min wannan a rahoto, yana murna da gaske. Ya ce, “Ka ga, abin da ke kan mutum ɗaya yanzu yana hannun kowa. Shi ne mafi tsufa, ba ya iya karanta takardar kayan gyara, ga aikinsa kuma mun samu.” Na ce ranka ya daɗe, shi ne na ɗaya a manhajar. Ya ce, “Shi ya sa za mu yi masa takardar yabo.” An yi masa, har da firam. Ni na karanta masa.

Ba na ɗora miki laifi, kada ki karanta abin da ban rubuta ba. Ke kika kawo shawara, ni na kai masa, shi ya danna, kuma dukanmu da zuciya ɗaya muka yi. Amma abin yana ci na. Kullum ina ɗakin gyara sai in ji muryarsa daga wayar wani tana sallama, in juya.

Na kai masa saƙonki ranar Asabar. Na same shi a ƙofar gida ya kwance injin ɗinkin maƙwabciyarsa a kan buhu. Ya jujjuya makirufon, ya manna shi a jikin ƙofar ƙarfe, ya ce abu mai kyau, a gode miki. Sannan ya mayar min, ya ce in kai wa masu aiki, shi ba shi da abin da zai ɗauka.

Akwai wani abu da na je da shi, sai da na sha ruwa na iya fitarwa. Kwana huɗu kwampireso na huɗu yana wani kuka da babu irinsa cikin ɗari uku da goma sha biyun. Mun saurara mu shida, kowa da abin da ya ce. Na ɗauko a waya na kunna masa. Na yi zaton zai ce in je in tambayi firam ɗin. Bai ce ba. Ya sa wayar a kunne, ya rufe ido, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, “Ba boris ba ne. Bawul ne ya tsage, na gefen bango. Ban taɓa ɗaukar muku shi ba don sau ɗaya ya taɓa yi, shekarar da aka haifi babbar 'yarka. Ka kashe shi yau, in ya kai Litinin zai tafi da fistin.” Ya koma kan injin ɗinkinsa.

Na wuce masana'anta kai tsaye na kashe. Muka buɗe, bawul ɗin gefen bango ne, a tsage. Manaja ya zo ya gani, ya dafa kafaɗata, ya ce in tabbata na shigar.

Na haska sitikar, na danna ja. Sai ta fito da jerin sunaye tana tambayar wanda ya gano matsalar. Sunaye shida ne, an cire nasa tun Agusta. Babu wurin rubuta wani suna, ai rashin wurin rubutun ne ya sa na zaɓe ta. Da murya kuma ba zan iya faɗa ba, don akwai dokar da ta hana fita da bayanan masana'anta ga mutumin waje, shi kuma yanzu mutumin waje ne. Na daɗe a tsaye, sanyi yana shiga gwiwata. Sannan na danna sunana. Ta karɓa nan take, ba ta ba ni wahala ba.

Takardar da shugabarki ta ce ki rubuta, in ba ki miƙa ba tukuna, ki haɗa da wannan.

Ki gaida maigidan da yaran.

Kawunki